Samarin Mishan: Yadda Suka Zo Da Yadda Suka Zauna



In ka taɓa zuwa biɗa Abijan, ko Akara, ko Legas, wataƙila ka gamu da wasu samari biyu a kan titi. Suna sanye da farar taguwa da baƙin wando. Kowane yana da ɗan allon suna a ƙirji da littafi a hannu. Ba ka ganin ɗaya sai da ɗan uwansa. Waɗannan su ne masu wa'azin ɗarikar Momon.

Mu nan Adar, baƙin addini da muka fi sani su ne mutanen mishan na Galmi. Mutumin Tawa, da na Keita, da na Buza, da na Illela, kowa ya san hanyar asibitin nan. Amma ka taɓa tambayar kanka yadda waɗannan baƙi suke kwana, suke tashi? Me suke ci? Wa ya koya musu Hausa? Zauna ka ji tarihinsu.

Samari masu farar taguwa

Bari mu fara da na Momon. An kafa ɗarikarsu a Amurka a shekarar 1830. Wanda ya kafa ta sunansa Joseph Smith. Babbar cibiyarsu tana jihar Yuta. Suna kiran kansu Kirista, amma suna da wani littafi nasu ban da Linjila da Attaura, saboda haka sauran majami'u suna ganinsu daban. Masu wa'azinsu na farko da suka zauna a Najeriya sun iso a 1978, can kudu, ƙasar Ibo.

A wurinsu, saurayi yana barin gida shekara 2 don wa'azi. Budurwa kuma wata 18. A 2012 aka ce namiji yana iya tafiya tun yana da shekara 18. Ba shi ne yake zaɓen ƙasar da zai je ba. Takarda ce take zo masa, ta gaya masa inda aka tura shi. Ba a biyansa albashi. Shi da iyayensa da jama'arsu ne suke tara kuɗin zamansa.

Kafin ya tafi, sai ya yi ƴan makonni a gidan horo. Akwai irin wannan gida a Akara, ƙasar Gana. Tsarin da suka daɗe suna bi shi ne tashi ƙarfe 6 da rabi na safe, kwanciya ƙarfe 10 da rabi na dare. Da safe karatun littafinsu da koyon harshe. Sauran wuni yawon gida gida, a ƙasa ko bisa keke. Ba su shan taba, ko giya, ko kofi, ko shayi. Ka ga a majalisar shayi ta Tawa da sun sha wuya! Rana ɗaya cikin mako ake ba su don wanki da rubuta wasiƙa. Kafin 2019, sau 2 kawai a shekara suke kiran gida da waya. Daga shekarar nan aka yarda su kira kowane mako.

Abin dariya, yaron da bai fara gemu ba, sunan da ake kiransa da shi a wurin aiki ma'anarsa Dattijo.

Su waɗannan shekara 2 suke yi, su koma. Na ƙasarmu kuwa, da yawansu sun zo da ƙuruciya, sun koma da furfura. Wasu ma ba su koma ba.

Samari uku da suka fara

A watan Disamba na 1893, samari uku suka sauka daga jirgin ruwa a Legas. Sunayensu Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. Biyu sun taso daga Kanada, ɗaya daga Amurka. Babu wanda ya kai shekara 30 cikinsu. Niyyarsu su shiga ƙasar Hausa.

Ba su kai ba. A 1894 ciwo ya kashe Gowans a Girku, ya kashe Kent a Bida. Bingham ya koma gida da zazzaɓi a jiki. Ya sake dawowa, ciwo ya sake korarsa. Sai a 1902 mutanensa suka samu wurin zama a Pategi, ƙasar Nufe. Ƙungiyar da suka kafa ita ce ake kira SIM.

Daga Najeriya suka hauro ƙasarmu. A 1924 suka zauna Damagaram. Bayan ƴan shekaru suka buɗe gida a Tsibiri, ƙasar Gobir. Mompe na Katolika kuma suka buɗe nasu a Yamai a 1931. Lokacin nan mulkin Faransa ne. Kwamandoji ba su saki jiki da mutanen SIM ba, domin Ingilishi suke ji, kuma daga ƙasar Ingilishi suka shigo.

A 1950 wani lokotoro ɗan Amurka, Burt Long, da matarsa Ruth, suka iso Galmi, tsakanin Ƙonni da Madawa. Nan aka buɗe asibiti. A lokacin Galmi ƙaramin ƙauye ne. Yau sunanta ya kai nesa saboda abu biyu: albasa da asibiti.

Babban mutum ya koma yaro

To, ya kai mai karatu, ga inda zancen ya shafe ka.

Aikin farko na saurayin mishan ba wa'azi ba ne. Koyo ne. Ya zo da ilimi a kai, amma bakinsa a ɗaure. Ko ruwa bai iya roƙo ba. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Shi wannan har da bebe.

SIM tana da makarantar koyon Hausa a Najeriya, da farko a Mina, daga baya a Kano. Sabon zuwa yakan yi watanni a can, ya yi jarrabawa. Wanda zai zo ƙasarmu kuma sai ya haɗa da Faransanci, don ya iya magana da mahukunta. Harshe biyu ke nan a wuyansa.

Da ya iso wurin aiki, karatu bai ƙare ba. Yakan zauna da wani mutumin gari, yana tambaya, yana rubutawa cikin ɗan littafi. Mene ne wannan? Yaya ake cewa kaza? Sai ya fita kasuwa ya gwada. Nan ake shan dariya. Zai ce gari na tuwo, sai ya ce gari na mutane. Zai ce kukar miya, sai ya ce kukan hawaye. Zai ce ƙarya, sai ya ce karya. Harshensa ba ya kama ƙ, da ɗ, da ɓ. Su ne baƙaƙen nan masu ƙugiya da malaminka yake nuna maka a allo. Kai kana faɗarsu tun kana goye, rubutun ne kake koyo. Shi kuwa ya iya rubutun, faɗar ce ta gagare shi.

Kuma Hausar da ya koya a Kano ba ita ce ta Adar ba. Ya koyi nema, ya tarar muna biɗa. Ya koyi fura, ya tarar muna shan hura. Sai ya sake zama ɗalibi, yara suna gyara masa baki.

Wannan hali ya daɗe. Wani Bajamushe mai suna Schön ya buga littafin kalmomin Hausa tun 1843. Amma Hausarsa ba ta nuna ba sai da ya samu malami. Malamin nan yaro ne ɗan ƙasar Damagaram, sunansa Dorugu. An kama shi bauta yana ƙarami, aka ƴanta shi, ya bi matafiyin nan Barth har Ingila a 1855. Can ya zauna yana ba Schön labarai, shi kuwa yana rubutawa. Likita Miller na Zariya ma sai da ya je Tarabulus ya koyi Hausa wurin Hausawan can. Shi da abokan aikinsa, har da Hausawa, suka fassara littafin Kirista gaba ɗaya, aka buga a 1932. Bargery kuma ya buga babban ƙamus na Hausa a 1934.

Kada ka ɗauka su suka kawo mana rubutu. Malamanmu suna rubuta Hausa da ajami tun kafin zuwansu. Amma wannan boko da kake karantawa yanzu, akwai hannunsu a ciki, akwai kuma bakin Hausawan da suka koya musu.

Daga asuba zuwa dare

Yaya wunin ɗan mishan yake a shekarun 1950?

Yakan tashi da asuba ya yi addu'a, ya karanta littafinsa. Kafin rana ta yi zafi, marasa lafiya sun taru a ƙofa. Wasu sun zo a kan jaki, wasu a kan raƙumi, wasu an ɗauko su bisa gado. Mutumin arewacin Adar yakan yi kwanaki a hanya, domin babu kwalta, mota kuma sai an dace. Kafin a fara duba mutane, akan yi musu wa'azi. Daga nan sai wankin gyambo, da allura, da karɓar haihuwa, da fiɗa. Ma'aikata kaɗan ne, saboda haka mutum ɗaya shi ne mai magani, shi ne magini, shi ne mai gyaran mota.

Ruwan sha sai an tafasa. Kinin kullum, don zazzaɓi. Barci cikin gidan sauro. Da dare fitilar kananzir. Bazara ta gasa shi, hunturu ya fasa masa leɓe. Wasiƙar gida takan yi makonni kafin ta iso. Wani sai an yi kwanaki da rufe mahaifiyarsa sannan labari ya same shi. Sai ya yi shekaru kamar 4 yana aiki kafin ya je ganin gida. In ya yi aure ya haihu, da ɗiya sun isa karatu sai a kai su makarantar kwana a Miyango, kusa da Jos. Uwa ba ta ganinsu sai hutu.

Kai da ka taɓa cin rani a bakin teku, ka san wannan ciwo. Ka san tuwon da ba irin na gida ba. Ka san daren da ake kwana ana tunanin yara. Bambancin kawai, kai kuɗi ka je nema, shi kuwa addininsa ya kawo.

Abin da aka karɓa da abin da aka bari

A faɗi gaskiya. Sun zo ne don mutane su bi addininsu, ba su ɓoye ba. Wasunsu sun raina addininmu da al'adunmu, ba su tsaya sun fahimta ba. Malamai da yawa kuma sun gargaɗi jama'a a kansu. Mutanen Adar suka karɓi magani, suka yi godiya, suka koma gida suka yi sallarsu. Har yau kusan 99 cikin 100 na mutanen Nijar Musulmi ne. Waɗanda suka bi mishan kaɗan ne, kuma ƴan uwanmu ne. Tare ake noma, tare ake zaman makoki.

Abin da ya tabbata shi ne aikin hannu: asibitin Galmi, da gidan kutare na Danja kusa da Maraɗi, da ƴan ƙasa da suka koyi aikin jinya a wurinsu.

Zaman bai rasa baƙin ciki ba. A watan Janairu na 2015 aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, aka rasa rayuka. Shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu, ɗan Dandaji ta ƙasar Illela, ya fito ya la'anci abin. Musulmi da dama sun ɓoye maƙwabtansu Kirista cikin gidajensu. A watan Oktoba na 2016 kuma, ƴan bindiga suka shiga Abalak da dare. Suka kashe masu gadi 2, suka ɗauke wani Ba'amurke mai suna Jeffery Woodke. Ya yi shekara fiye da 20 yana aiki da makiyayan yankin, yana jin harshensu. Sai a watan Maris na 2023 aka sake shi. Ranar da aka ɗauke shi, ba baƙo kaɗai aka cuta ba. An cuci masu masaukinsa, an kuma bar gidaje 2 da marayu ko makoki.

Kakanninmu sun san yadda ake yi da baƙo. A ba shi ruwa, a ba shi tabarma, a ji ta bakinsa. Abin da ya yi daidai a ɗauka, wanda bai yi ba a bar masa kayansa. Ba su sayar da addininsu ba, ba su kuma zubar da mutuncinsu ba.

Saura kai

In ka zauna ajin yaƙi da jahilci, alli ya ƙi bin hannunka, yara suna leƙe ta taga suna dariya, ka tuna da lokotoron nan. Ya iya fiɗa cikin mutum ya ɗinke, amma ya zauna ƙasa ɗan ƙauye yana koya masa cewa ɗaki. Kunya ba ta hana shi ba. Gemu ba ya hana ilimi.

Kuma ga aiki. A garinku akwai tsofaffin da suka je Galmi tun babu kwalta. Je ka gaishe su. Tambaye su kwana nawa suka yi a hanya, me suka gani, me aka ce musu, me suka amsa. Rubuta abin da suka faɗa, ko layi 10 ne, ka ba malamin ajinku ya aiko mana. Baƙi sun rubuta nasu labarin zama da mu. Namu labarin zama da su yana nan a bakin tsofaffi, kuma tsofaffi suna tafiya.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Amin.