TARIHIN KUJERAR WAKILI A MAJALISUN IKILISIYAR METODIS

Gabatarwa

 

Tun bayan rabuwar da ta auku a ikilisiyar UMCN a shekarar 2024, 'ya'yanmu da dama idan sun zo gida hutu sukan tambaye ni cewa, "Baba, wai su wa suka yanke waɗannan shawarwari? Wa aka tambaya?" Nakan amsa musu cewa wakilai ne suka kaɗa ƙuri'a a kan dokokin da suka jawo saɓanin, kuma wakilan nan zaɓensu aka yi, hawa-hawa, tun daga majami'ar ƙauye. Shi ya sa bana na ga ya dace in kawo mana tarihin wannan kujera ta wakili. Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. Wanda ba ɗan wannan ikilisiya ba ma, Kirista ko Musulmi, ba zai rasa abin tsinta ba, domin batun wanda zai yi magana da yawun jama'a ya shafi kowa.

Zamanin John Wesley

John Wesley, wanda ya rayu daga 1703 zuwa 1791, limami ne na Cocin Ingila, kuma shi ne uban tafiyar Metodis. A watan Yuni na 1744 ya kira taronsa na farko a birnin Landan, a wani tsohon gidan ƙera igwa da ya mayar wurin wa'azi. Mutum 10 ne suka zauna: limamai 6 da masu wa'azi 4 waɗanda ba a naɗa ba. Babu ko ɗaya da aka zaɓa a cikinsu. Wesley ne ya gayyace su, su ba shi shawara, shi kuma ya yanke hukunci.

Da tsufa ya kama shi, sai tunanin abin da zai biyo bayansa ya dame shi. A 1784 ya yi rajistar wata takarda a kotu, inda ya rubuta sunayen masu wa'azi 100, ya ce su ne Taron a idon doka bayan ransa. Wasu daga cikin waɗanda bai sa sunayensu ba suka ji zafi. Amma babban gibin shi ne, a cikin ɗarin nan babu ko mutum guda daga masu zama a benci, wato sauran mambobi waɗanda ba masu wa'azi ba, alhali da kwabonsu ake gina ɗakunan sujada, ake kuma ciyar da masu wa'azin.

Bayan rasuwar Wesley, wani mai wa'azi, Alexander Kilham, ya riƙa rubuce-rubuce yana neman a ba mambobi murya. Aka kore shi a 1796. A 1797 shi da magoya bayansa suka kafa tasu ikilisiya, inda masu wa'azi da mambobi suke zama a taro daidai wa daida. Ita kuwa uwar ikilisiyar ta Ingila, sai a 1878 ta buɗe wa mambobi ƙofar Taronta, wato bayan shekara 81.

Yadda Aka Soma Zaɓen Wakilai a Amurka

Tsarin da muka gada a ƙasar Muri daga Amurka ya fito, don haka bari mu tsallaka can. A lokacin Kirsimeti na 1784 masu wa'azi suka taru a birnin Baltimore suka kafa ikilisiyar Metodis ta Amurka. Wesley ya aiko da umurni a naɗa Francis Asbury shugaba, amma Asbury ya ce ba zai karɓa ba sai 'yan'uwansa masu wa'azi sun zaɓe shi da kansu. Haka kuwa aka yi. A nan aka shuka irin zaɓe.

Daga 1792 aka soma Babban Taro duk bayan shekara huɗu. Sai dai wata matsala ta kunno kai. A zamanin nan bisa doki ake tafiya. Masu wa'azin da ke kusa da Baltimore da Philadelphia sukan cika zauren, na nesa kuwa sai 'yan kaɗan ke iya zuwa, ta haka na kusa suka riƙa rinjayar kowace ƙuri'a. A 1808 aka yi wa abin magani: aka ƙulla cewa kowane Taron Shekara, wato taron fastocin yanki guda, zai zaɓi wakili ɗaya daga kowane mutum biyar nasa. Babban Taro na wakilai na farko ya zauna a New York a 1812. An raba rigima tsakanin na kusa da na nesa, amma har yanzu fastoci ne kaɗai ke zaɓe, su ne kuma ake zaɓa.

Gwagwarmayar Masu Zama a Benci

A shekarun 1820 wasu fastoci da mambobi suka tashi tsaye suna neman gyara. Hujjarsu ita ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma bai kamata a kafa wa mutum doka a wurin da ba shi da bakin magana ba. Aka kori wasunsu, Babban Taron 1828 kuma ya yi watsi da kokensu. A 1830 suka ɓalle suka kafa ikilisiya dabam a Baltimore, mai ba fastoci da mambobi kujeru daidai, wadda kuma ba ta da bishop.

Uwar ikilisiyar ta sake darewa biyu bayan Babban Taron 1844 a kan batun bauta, aka sami ta Arewa da ta Kudu. Ta Kudu ce ta riga amincewa da wakilcin mambobi a 1866, suka soma zama a 1870. Ta Arewa ta biyo baya a 1872, amma mutum biyu kacal ta yarje wa kowane Taron Shekara. Sai a 1900 aka daidaita yawansu da na fastoci.

Mata kuwa nasu ya fi tsawo. A 1888 aka zaɓi mata 5 su wakilci yankunansu a Babban Taron ta Arewa a New York, cikinsu har da Frances Willard, shahararriyar mai yaƙi da shan barasa. Bayan doguwar muhawara aka hana su zama, aka ce da tsarin mulki ya ambaci mambobi, maza yake nufi. Sai a 1904 mata suka zauna a matsayin wakilai. Cikakken 'yancin zama fasto kuma sai a 1956 suka same shi. Baƙaƙen fata su ma sun sha tasu wuyar. Da ɓangarorin nan uku suka sake haɗewa a 1939, an ware su a wani rukuni nasu na dabam bisa launin fata, ba a rushe shi ba sai a 1968. A shekarar ce, a birnin Dallas, ikilisiyar Metodis ta haɗu da ta EUB, aka haifi UMC.

Yadda Zaɓen Yake Gudana

Bisa kundin dokokin UMC, abin yana somawa ne daga ƙasa. Kowace ikilisiya, ko haɗin ikilisiyoyin da fasto ɗaya ke kiwo, takan zaɓi mamba da zai wakilce ta a Taron Shekara. Idan fastoci suka fi mambobi yawa a zauren, sai an ƙaro mambobi har su yi daidai.

Idan Babban Taro ya gabato, sai zauren ya kasu biyu. Fastoci su zaɓi wakilansu daga cikin fastocin da suka cika sharuɗɗa, mambobi su zaɓi nasu daga cikin mambobi, babu mai tsoma baki a ƙuri'ar wani. An yarda a tsayar da ɗan takara daga cikin zaure, kuma ba a ce mutum ya ci ba sai ya sami fiye da rabin ƙuri'un da aka kaɗa, shi ya sa akan yi ta maimaita zagaye. Mamban da za a zaɓa dole ya kasance ya shekara biyu cur sunansa na cikin littafin ikilisiya, ya yi shekara huɗu ana damawa da shi a hidimarta, kuma sunansa yana cikin yankin da ya zaɓe shi. Akan zaɓi 'yan jiran ko-ta-kwana, saboda rashin lafiya ko wani uzuri.

Babban Taron ba ya kasa wakilai 600, ba ya wuce 1,000, rabi fastoci rabi mambobi. Ana raba kujeru gwargwadon yawan fastoci da mambobin kowane yanki, amma komai ƙanƙantar yanki yana da fasto ɗaya da mamba ɗaya. Bishop-bishop su ke jagorantar zama, amma ba su da ƙuri'a. Wani abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne, wakilan da Taron Shekara ya zaɓa su ne ke zuwa taron shiyya su zaɓi bishop. Ashe ke nan wanda ya ɗaga hannu a majami'ar ƙauye yana da hannu a zaɓen bishop.

Yadda Tsarin Ya Iso Ƙasar Muri

Akwai ikilisiyar Metodis ta Nijeriya, wadda tushenta ya fito daga Ingila ta Badagry a 1842, ta kuma sami 'yancin kanta a 1962. Wannan dabam take da tamu. Tamu ta faro ne daga aikin C. W. Guinter, wanda ya zo ƙasar nan a 1906 ƙarƙashin mishan ta SUM, ya kuma buɗe tasha a Bambur a 1923. Ikilisiyar da ta aiko shi ta shiga cikin EUB a 1946, EUB kuma ta shiga UMC a 1968. Ta wannan igiya ce ikilisiyar Muri ta zama UMCN.

A 1992 wakilan Afirka ta Yamma suka zaɓi Done Peter Dabale bishop na farko na Nijeriya. Ya rasu a 2006. Aka zaɓi Kefas Mavula a 2007, shi ma Allah ya yi masa rasuwa a 2008. A 2012 aka zaɓi John Wesley Yohanna.

A 2019 aka yi Babban Taro na musamman a birnin St. Louis a kan batun auren jinsi. Masu son a riƙe tsohuwar doka suka yi rinjaye da ƙuri'a 438, ɗaya ɓangaren na da 384. Tazarar ƙuri'a 54 ce kawai, kuma kowa ya shaida nauyin wakilan Afirka a wannan rana. Taron da ya kamata a yi a 2020 annobar korona ta ɗage shi zuwa 2024 a birnin Charlotte. Kujeru 862 aka tanada, amma da dama daga na Afirka babu kowa a kansu, galibi saboda matsalar biza. A can aka soke dokar da ta hana naɗa masu neman jinsi ɗaya fastoci. A watan Yuli na wannan shekara Bishop Yohanna ya fita ya koma GMC, a watan Disamba kuma aka zaɓi Ande Emmanuel bishop na UMCN a ƙasar Gana. Abin da ya biyo baya na gaba tsakanin 'yan'uwa, har da asarar rayuka, duk mun sani.

Kammalawa

Ba nufina in yi wa kowane ɓangare shari'a ba, ina da 'yan'uwa da tsofaffin ɗalibai a ko'ina. Abin lura shi ne, ikilisiyoyin biyu duka sun riƙe wannan gado na zaɓen wakilai, rabi fastoci rabi mambobi. Daga taron 1744 zuwa ranar da mata suka zauna a 1904 shekara 160 ke nan. An kori mutane, an raba ikilisiyoyi, kafin a sami wannan kujera. Amma a wurinmu sau da yawa ranar zaɓe majami'a takan watse bayan addu'ar rufewa, a bar mutum goma su tsayar da wanda ya fi kuɗin mota.

Saboda haka ina roƙonku mazauna birni, kowa ya binciki inda sunansa yake a rubuce, a gida ne ko a birni, ya kuma halarci zaɓe a can. Ku karanta kundin dokoki, ku da Allah ya ba ilimi. A zaɓi mai gaskiya da tsoron Allah, ba don ƙabilarsa ko aljihunsa ba, a kuma sa mata da matasa a ciki. Idan wakili ya dawo, a zaunar da shi ya faɗi abin da aka tattauna da inda ya jefa ƙuri'arsa, domin ɗan aike ne.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya haɗa kanmu, ya kuma kai mu baɗi da rai da lafiya. Amin.