Gani Odutokun: Mai zanen Zariya da ya yi wa mulkin soja ba'a da fenti

Gani Odutokun (1946–1995) mai zane ne kuma malami a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Yana cikin 'yan ƙalilan da suka mayar da allon zane fagen sukar masu mulki a zamanin da soja ke riƙe da ragamar Nijeriya.

Asali da karatu

An haife shi a shekarar 1946 a garin Nsawam na ƙasar Gana. Iyayensa Yarabawa ne 'yan asalin Offa, a Jihar Kwara ta yanzu. Ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello a farkon shekarun 1970, ya sami digirin farko a fannin zane a 1975, na biyu kuma a 1979. A sashen da ya yi karatu ya kama aikin koyarwa, kuma a nan ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

Sashen yana da tarihi tun kafin zuwansa. A nan ne, a 1958, lokacin makarantar tana kwaleji, ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta ƙi yarda a koya musu zane da idon Bature kaɗai. Wannan gado ne Odutokun ya tarar, ya kuma ɗora a kai.

Salonsa

Ya ƙware a zanen ɗab'i da zanen fenti. An fi saninsa da tsinka fenti ya kwarara shi a kan allo, ya bar shi ya bi hanyar da ya ga dama, sannan ya zaƙulo siffa daga abin da ya fito. A ganinsa haka rayuwa take: wani ɓangare shiri ne, wani kuma tsautsayi.

Sarki da janar-janar

A zamanin Janar Ibrahim Babangida (1985–1993) ya yi jerin zane-zane da tauraronsu wani sarki ne. Mafi shahara shi ne The King Shares a Joke with His Generals, wato sarki yana raha da janar-janar ɗinsa. Bai ambaci sunan kowa ba, amma mai kallo a wancan lokaci bai buƙaci tafinta ba. Zamani ne da aka kashe ɗan jarida Dele Giwa da bam a cikin wasiƙa a 1986, ana kuma rufe gidajen jarida. Abin da alƙalami ke shakkar rubutawa, fenti ya faɗa.

A wani zanen, Dialogue with Mona Lisa na 1991, ya haɗa sassaƙen Afirka da fitacciyar Mona Lisa ta Turai, kowanne yana aikin siffanta ɗan'uwansa, don nuna cewa tasiri tsakanin nahiyoyin biyu bai taɓa zama na gefe guda ba.

Rasuwarsa

Ya rasu a watan Fabrairun 1995 a haɗarin mota, yana dawowa Zariya daga wani baje kolin zane a Legas. A shekarar ce aka nuna ayyukansa a zauren Whitechapel da ke Landan, cikin babban baje kolin zanen Afirka na zamani. Ya bar ƙungiyar The Eye da mujallarta, waɗanda ya kafa tare da abokan aikinsa irin su Jerry Buhari, domin masu zanen Zariya su riƙa rubuta nazarin aikinsu da kansu.