Ken Arthurson

An haifi Kenneth Richard Arthurson a birnin Sydney na ƙasar Ostareliya ranar 1 ga Oktoba, 1929. Ɗan wasan ƙwallon zari-ruga ne, irin wadda ake bugawa da mutum 13 a kowane ɓangare, daga baya ya zama mai horarwa, sannan shugaban hukumar wasan ta ƙasa. A can an fi saninsa da laƙabin Arko.

Wasansa a fili bai yi nisa ba. Ya buga wa ƙungiyar Manly daga 1950 zuwa 1952, yana cikin waɗanda suka je wasan ƙarshe na gasar Sydney ta 1951, inda South Sydney ta lallasa su da ci 42 da 14. A 1953 ya koma garin Parkes yana wasa yana horarwa. Nan ne ya samu karaya a ƙoƙon kai, ya ajiye takalma bai cika shekara 24 ba.

Ya dawo Manly, ya horar da babbar tawagar daga 1957 zuwa 1961. Sau biyu yana kai ta wasan ƙarshe, a 1957 da 1959, duka St George ce ta tare masa hanya. Ba abin kunya ba ne: a lokacin St George na tsakiyar cin kofi 11 a jere.

Abin da fili ya hana shi, ofis ya ba shi. Daga 1963 ya riƙe muƙamin sakataren Manly har shekara 20, ya kuma nuna yana da idon gane ɗan wasa. Shi ya ɗauko Bob Fulton daga Wollongong yana matashi, ya tsallaka har Ingila ya sayo Malcolm Reilly. Ƙungiyar da ba ta taɓa ɗaga kofi ba tun shigarta gasar a 1947 sai ga ta da huɗu: 1972, 1973, 1976 da 1978. Magoya bayan sauran ƙungiyoyi ba su yafe masa ba, suna cewa da kuɗi Manly ke wawashe musu 'yan wasa.

A 1983 ya gaji Kevin Humphreys a shugabancin hukumar ƙasa. Shi da abokin aikinsa John Quayle suka faɗaɗa gasar zuwa sababbin birane, Brisbane da Newcastle suka shigo a 1988, zuwa 1995 ƙungiyoyi sun kai 20, har da ta Auckland a New Zealand.

Wannan bunƙasa ce ta jawo rigima. Kamfanin News Limited na Rupert Murdoch ya so wasan saboda talabijin na biya, ya kafa tasa gasar mai suna Super League, yana janye ƙungiyoyi da 'yan wasa da maƙudan kuɗi. Arthurson ya ja daga. Hukumarsa ta ci shari'ar farko a Fabrairun 1996, aka soke hukuncin a ɗaukaka ƙara cikin Oktoba. Ya yi murabus a farkon 1997, shekarar da aka buga gasa biyu a ƙasa ɗaya, kafin ɓangarorin su sasanta su kafa gasa ɗaya mai suna NRL a 1998.