Register (aikatau a Turanci)

Register aikatau ne na Turanci mai nufin shigar da suna ko wani al'amari cikin littafin hukuma domin ya zama shaida. Ana faɗinsa ga mai rubutawa da kuma wanda ya kai kansa a rubuta shi.

Tushensa Latin ne. Daga regerere, wato mayar da abu ko kwafe shi, aka sami regesta, abubuwan da aka rubuta aka adana, wanda malaman tsakiyar zamani suka mayar registrum. Kalmar ta shiga Turanci a ƙarni na 14. Masu ƙamus sun rabu a kan hanyar da ta biyo: wasu sun ce ta Faransanci, wasu sun ce kai tsaye daga Latin. Saɓanin bai taka kara ya karya ba, tunda magatakardan Ingila na lokacin da harsunan biyu suke aiki.

Abin da ya kai kalmar ƙauyuka shi ne umarnin Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na VIII, a 1538. Ya ce kowane limamin coci ya riƙa rubuta baftisma da ɗaurin aure da jana'iza duk ranar Lahadi, a ajiye littafin cikin akwati mai makulli biyu, wanda ya yi sakaci kuma ya biya tarar sule uku da kwabo huɗu. Talakawa suka tsargu, suna zaton sabon haraji ake shirya musu. A 1598 aka ba da umarnin a kwafe tsoffin takardun a kan fata, amma da yawa daga masu kwafar suka fara daga 1558, shekarar hawan Sarauniya Elizabeth ta I, suka bar na baya. Shi ya sa littattafan coci da yawa ba su da shekaru ashirin na farko. Sai a 1837 gwamnati ta buɗe tata rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Ingila da Wales.

Daga baya aka ara wa na'ura kalmar idan ta nuna awo, da fuska idan ta nuna fushi ko mamaki.

Hausa ta karɓe ta a zamanin Turawa a matsayin suna, rajista, sai a jingina ta da "yi": a yi wa mota rajista, a yi rajistar zaɓe, ko ta layin waya.