Kisan Cazemajou da Farautar Sarki Amadu Kuran Daga, 1898–1899, a Ma'aunin Fiƙihun Malikiyya

Ranar 5 ga Mayu 1898, wadda ta faɗo cikin Zulhajji na shekara ta 1315 bayan Hijira, kwanaki kaɗan bayan Babbar Salla, aka kashe wani hafsan sojan Faransa, Kyaftin Cazemajou, tare da tafintansa Olive a birnin Zinder, aka jefa gawarwakinsu cikin rijiya. Umurnin ya fito ne daga Sarkin Damagaram Amadu ɗan Tanimu, wanda aka fi sani da Kuran Daga, amma ba shi ya ɗaga kulkin ba. Bayan wata goma sha shida, shi ma Sarkin aka bi sawunsa har aka cim masa. Marubutan Faransa sun kira lamarin ha'inci, a Nijar kuwa da yawa suna kallonsa a matsayin kare ƙasa. Ɗalibin fiƙihu yana da tasa tambayar: idan wani ya sa wani ya kashe baƙon da aka saukar, a wuyan wa jinin yake?

Cazemajou ya taso daga Say a ƙarshen 1897 da nufin ya kai Tabkin Chadi, yana ƙulla yarjejeniya da sarakunan da ya tarar a hanya. A Janairun 1898 ya yi irin wannan takarda da Sarkin Kabi Sama'ila a Argungu. Wanda ya san tarihin Tambuwal, garin zuriyar Muhammadu Buhari ɗan Shehu, da yadda garuruwan wannan sashe har zuwa Kebbe suka daɗe suna zaman tsaron iyaka, ya san nauyin wannan mataki: baƙon ya fara miƙa hannu ne ga wanda Sakkwato da Gwandu suka kasa tanƙwarawa. Ya isa Zinder a tsakiyar Afrilu, aka karɓe shi, ya sauka a bayan ganuwa har kusan mako uku.

Abin da ya tayar wa fada hankali shi ne inda baƙon ya dosa. Rabeh ya rushe Kukawa tun 1893 ya zauna a Dikwa, Damagaram kuwa, wadda ta daɗe tana kai gaisuwa Barno, ta san ita ce ke gaba a idonsa. Ga Bature da bindigogi yana neman hanyar zuwa wurin Rabeh. Marubutan Faransa sun ƙara da zargin fataken Larabawa na hanyar Tarabulus, waɗanda ke tsoron kasuwarsu, da cewa su suka zuga Sarki. Aka kira Cazemajou cikin birni, mutanen fada suka far masa da tafintansa. Sojojinsa 'yan Afirka, da suka rage ba shugaba, suka yi ta ɗauki ba daɗi da mutanen gari na kwanaki, sannan suka janye suka koma bakin Kwara da labarin.

A mas'alar mai umurni da mai aikatawa, Malikiyya ba su bar wa kowane ɓangare mafaka mai faɗi ba. Asalinsu shi ne hukuncin Sayyadina Umar, Allah Ya yarda da shi, da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, inda ya kashe jama'a saboda mutum guda da suka haɗa baki suka kashe a San'a. Daga nan Shaihu Halil ya tsara rassan a Muhtasar. Wanda ya tilasta da wanda aka tilasta duk ana yi musu ƙisasi, domin tsoron mutuwa ba ya halatta jinin wani. Ubangidan da ya umurci bawansa ana kama shi da laifin kai tsaye. Idan kuwa wanda aka umurta ɗa ne baligi, kuma ba ya tsoron mai umurnin, to ƙisasi a kansa yake shi kaɗai, mai umurnin a yi masa bulala ɗari da ɗaurin shekara. A nan ne 'yan ina-da-kisa suke faɗawa: wanda ya karɓi lada ba tsoro ya kai shi ba, kwaɗayi ne, ijarar ɓatacciya ce, kuɗin haram ne, kuma ba ya da hujjar cewa aike shi aka yi. Dogarin sarki da bawan sarki suna cikin rukunin farko, gama umurnin mai mulki irin Kuran Daga, ga wanda ke ci a ƙarƙashinsa, tilas ne ko da ba a zare takobi ba. Saboda haka nauyin abin da ya faru a Zinder ba ya sauka daga kan Sarki don wasu ne suka yi dukan.

Sai dai wannan duka ya rataya ne a kan wata tambaya: jinin Cazemajou tsararre ne? A zahiri, i. Baƙon da aka bari ya shigo aka kuma saukar da shi musta'amini ne. Aya ta 6 a Suratut Tauba ta wajabta a kai mai neman mafaka inda zai aminta, aya ta 58 a Suratul Anfal ta umurci wanda ya ji tsoron ha'inci ya warware alkawari a bayyane kafin ya ɗauki mataki, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma bai taɓa manzannin Musailama ba duk da abin da suka furta a gabansa. Amma shi Shaihu Halil ɗin ya halatta kashe ɗan leƙen asiri ko da an ba shi aminci, domin aminci bai ƙunshi izinin leƙen asiri ba. Wanda zai kare Sarki ba shi da hujjar da ta fi wannan, kuma ba mai rauni ba ce. Cazemajou injiniyan soja ne, aikinsa auna hanyoyi da rijiyoyi da ƙarfin garuruwa, abin da ya biyo baya kuma ya nuna zaton fada bai kauce ba.

Inda hujjar ta yi rauni shi ne hanyar zartarwa. Halaccin kashe ɗan leƙen asiri hukunci ne na shugaba bayan laifi ya tabbata, irin wanda ake yi a gaban jama'a. Wanda ya yanke hukuncin da ya gamsu da shi ba ya bukatar rijiya. Kiran mutum da sunan ganawa sannan a auka masa ya fi kama da kisan gila, wanda Malikiyya suka ce ba afuwa a cikinsa, kuma shi kaɗai ne wurin da Malik ya yarda a kashe Musulmi saboda wanda ba Musulmi ba. Gaskiya ne masu sharhi da yawa sun taƙaita gila ga kisan da aka yi don dukiya, don haka da wuya alƙali ya ɗora wannan suna a kan lamarin Zinder. Mafi kusa shi ne a ce an keta aminci ba tare da sanarwa ba, alhali korar baƙon ko tsare shi tana hannun Sarki.

Kwana arba'in daidai bayan kisan, ranar 14 ga Yuni 1898, Ingila da Faransa suka sa hannu a Paris kan rabon iyaka, aka zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato. Argungu ta faɗa hannun Ingila, takardar Cazemajou ta zama banza, Damagaram ta faɗa rabon Faransa.

Masu ɗaukar fansa su ne rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta ƙone Birnin Ƙonni ta karkashe mutanenta a Mayun 1899. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda gwamnatinsu ta aiko ya tsayar da ɓarnar, kwanaki kaɗan kuma sojojinsu suka kashe shi da Chanoine a wajen Maijirgi. Ragowar, ƙarƙashin Pallier da Joalland da Meynier, suka karya rundunar Damagaram a Tirmini a ƙarshen watan, suka shiga Zinder. Waɗanda jinin kanar ɗinsu bai bushe a sansaninsu ba su ne suka zo neman haƙƙin kyaftin.

Kuran Daga ya fice daga birni, ya yi kusan mako shida ana nemansa, Faransawa kuma suka naɗa ɗan'uwansa Amadu Ɗan Bassa a gadonsa. A tsakiyar Satumba 1899 aka cim masa a Rumji aka kashe shi, aka kawo kansa Zinder. Ba a yi zaman shari'a ba, ba a tambaye shi dalilinsa ba, da shi kuma aka binne amsar abin da fada ta sani game da baƙon nata. Babin jihadi na Muhtasar, wanda ya halatta kashe ɗan leƙen asiri, shi ne kuma ya haramta yanka gawa da ɗaukar kan maƙiyi zuwa wani gari ko wurin wani shugaba, kamar yadda Sayyadina Abubakar ya ƙi yarda lokacin da aka kawo masa wani kai daga Sham. Barikin da Faransawa suka gina a kan duwatsun Zinder suka sa masa sunan Cazemajou. Ɗan Bassa kuwa bai wuce 1906 ba: aka zarge shi da ƙulla makirci, aka tuɓe shi, aka kai shi Kodebuwa.