Lissafi da kiɗa: ba ni na fara haɗa su ba

Tun da na dawo daga Amurka na tare a Dei-Dei, duk wanda ya ji cewa lissafi da nazarin kiɗa na karanta a digirin farko sai ya yi dariya. Kawuna, mai sayar da katako a kasuwa, cewa ya yi: "Ɗana, duk kuɗin makarantar nan don ka zama maroƙi?"

To, ba ni na fara ba. Al-Farabi, wanda ya rasu wajen 950, ya rubuta babban littafi kan kiɗa, kuma cikin ilmin lissafi ya sanya shi. Ibn Sina ma, a Kitab al-Shifa, ya jera kiɗa tare da ƙidaya, handasa da ilmin taurari. Dalilin yana jikin tsirkiyar garaya: danne ta daidai tsakiya, karkaɗawarta ta ninka, muryar ta haura, wato 2 bisa 1.

Nan gida kuwa, sai 1961 Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen kiɗa, shi ma nesa da sashen lissafi.

Yanzu autan kawun nawa zai shiga SS1, an ce ya zaɓi ajin kimiyya ko na adabi. Yaron duka yake so. Ranar Litinin zan raka shi wurin shugaban makarantar.