Halatta Tabar Wiwi da Ra'ayin Ɗaliban Jami'a

Tabar wiwi haramtacciya ce a Najeriya. Dokar soja ta 1966 ta hana nomanta da sayar da ita, kuma tun 1989 Hukumar Hana Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi, NDLEA, ke farautar masu safararta. Babbar hanyar Lokoja zuwa Abuja, wadda ta ratsa garin Abaji, na cikin wuraren da jami'anta ke tare motocin da suka ɗauko ta daga kudu.

Duk da haramcin, binciken Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi na 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 10.6 ne ke shan ta. An sha gabatar da ƙudurori a Majalisar Wakilai don a halatta nomanta saboda magani da masana'antu, marigayi Gwamna Rotimi Akeredolu na Ondo ma ya goyi bayan hakan. Shugaban NDLEA, Birgediya Janar Mohammed Buba Marwa mai ritaya, ya ƙi amincewa.

Abin da ya faru da ɗalibai a ƙasashen da suka halatta ta shi ne ma'aunin wannan muhawara. A Amurka, jihohin Kolorado da Washinton ne suka fara halatta wa manya shan ta a 2012, Kanada kuma ta bi sahu a 2018. Binciken shekara-shekara na Jami'ar Mishigan ya nuna cewa kashi 44 cikin ɗari na ɗaliban jami'o'in Amurka sun sha ta a 2020, alhali kashi 38 ne a 2015. Binciken ya kuma nuna raguwar matasan da ke ɗaukar yawan shan ta a matsayin haɗari.

Sai dai sauyin ra'ayi bai rage illarta ba. Likitoci na danganta yawan shan ta a ƙuruciya da raunin ƙwaƙwalwa wajen riƙe karatu, da kamuwa da jarabarta, da taɓin hankali ga wasu. Jami'o'in Amurka masu karɓar kuɗin gwamnatin tarayya har yanzu sun haramta ta a harabarsu, ko da jihar ta halatta.

A Najeriya, hukumomi sun karkata ne ga tsaurarawa: NDLEA ta daɗe tana kira da a riƙa yi wa ɗaliban manyan makarantu gwajin ƙwaya.